Taken da Aka Binne a Hollós

Kolozsvár, 9 ga Yuni, 1974

Zuwa ga Kawu Gergely, mai gogen Hollós,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da girmamawar da ta wajaba ɗa ya yi wa yayan mahaifiyarsa. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon kafaɗar nan ya sassauta.

Bayan haka, ina alfaharin sanar da kai cewa na kammala nazarin ilimin kiɗa da daraja mafi ɗaukaka, har an ba ni gurbi a cibiyar da ke tattara kaɗe-kaɗen ƙauyuka. An damƙa mini rakoda da faya-fayanta, an kuma sakar mini mara in zaɓi bahasin da nake so. Na zaɓi tahƙiƙi a kan salsalar tsofaffin kaɗe-kaɗen goge na kwarinmu.

Nazariyyata, wadda nake da yaƙinin za ta girgiza masana, ita ce: duk taken da mazan kwarinmu ke rawa da shi, wanda kowa ke tinƙahon nasa daban ne, 'ya'yan uwa ɗaya ne. Uwar kuwa wani kiɗa ne da masu ɗibar soja ke kaɗawa a zamanin da, domin su ja samari zuwa bariki. Na sami rassan, na kuma hango saiwar a tsofaffin rubuce-rubuce. Abin da ya rage shi ne gangar jikin da ta haɗa su, wato take wanda kansa ke gangarowa hawa uku kafin ya miƙe.

Kawu, take ɗaya tak na sani mai wannan siffa. Shi ne taken mahaifina, Vilmos.

Ban jahilci al'adarmu ba. Na san ranar da saurayi ya fara shiga da'irar rawa mai goge ke ba shi takensa, a kaɗa masa shi a bikinsa da kowace rawa, a kuma kaɗa shi na ƙarshe a bakin kabarinsa, daga nan ba a ƙara. Amma ina roƙonka ka dubi al'amarin da idon basira. Al'adar da ke binne kiɗa tare da gawa, taska take binnewa, kuma tarihi ba zai yafe mana ba.

Akwai kuma abin da ba zan rubuta a muƙala ba. Ina ƙarami ƙwarai aka binne Baba. Fuskarsa ta ɓace mini. Abin da ya rage a kaina shi ne wannan gangarowar ta hawa uku, da ƙarar tafinsa a kan dogon takalminsa a hawa na ukun. Daga nan sai duhu. Na girma ina riƙe da kan kiɗa ba jiki. Ka kaɗa mini shi sau ɗaya, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Na bar ka lafiya cikin kiyayewar Ubangiji.

Ɗan ƙanwarka mai biyayya,
Domokos

Hollós, ƙarshen Yuni

Domi,

Ina gaishe ka. Kafaɗa tana nan yadda ka san ta, ita da ruwan sama ba sa shiri.

Takardarka ta zo. Na karanta ta a tsaye ban gane ba, na zauna na sake karantawa, sannan na kai wa fasto. Shi ma ya ce wannan nazariyya bai taɓa cin karo da ita a Littafi ba, sai dai in sabuwar cuta ce ta birni. Amma mun gane ka ci jarrabawa, mun kuwa sha barasar palinka a kan haka har fasto ya manta hularsa a gidana. Allah ya yi maka albarka. Da Vilmos na nan da ya fasa takalmi da tafi.

Batun take kuwa, a'a.

Ni na ba ubanka taken nan da hannuna. Ni na kaɗa masa shi ranar da ya auri ƙanwata, ya yi rawa har dunduniyar takalminsa ta fita ta faɗa cikin tukunyar miya. Ni kuma na bi makararsa da shi tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Da aka zuba ƙasa na murɗe kunnen goge, tsirkiya ta saki, kowa na gani. Ka san abin da wannan ke nufi. Tun daga ranar ba kunnen da ya sake jinsa, kuma ba wanda zai ji. Ba ni na ƙago abin ba, haka na tarar. In na kaɗa maka yau, gobe matar marigayi Dénes ta zo ta ce ita ma sau ɗaya, jibi wata, sai na wayi gari ina kiɗa wa maƙabarta masu rai na tsaye suna jira.

In tsofaffin kaɗe-kaɗe kake so, ka zo da akwatin rakodar taka. Na masu rai duk zan kaɗa maka har ka ƙoshi. Ka bi ƙauyukan gangare ma, akwai tsofaffi masu surutu da za su so ka. Abu ɗaya, kada ka wahalar da kanka ka haura dutse zuwa Bükkös. Babu komai can sai laka da karnuka, kuma gogensu kamar ana yanka akuya.

Uwarka lafiya lau, sai gwiwa. Ta ce ka riƙa cin abinci, hoton da ka aiko kamar an jiƙa tsintsiya an sa mata tabarau.

Sai ka zo.

Kawunka,
Gergely

Kolozsvár, 20 ga Agusta, 1974

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna, Inna Piroska,

Gaisuwa irin ta ɗa mai begen gida, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Inna, kin ga yadda muka ƙare da Kawu da na zo. Ya kaɗa mini na masu rai har faya-fayaina suka cika, amma da na ambaci na Baba sai ya sa goge a jaka ya shiga zancen farashin ciyawa. Ke ma da na tambaye ki, sai kika tashi duba kaji. Ban yi fushi ba. Na fahimci cewa aƙidar da ta yi saiwa ba ta tumɓukuwa da hujja ɗaya.

Sai dai bincike ya buɗe mini wata ƙofa. A ƙauyukan gangare na haɗu da wani tsohon mai dakon katako, wanda a da yake haura dutse da dawakinsa. Da na rera masa gangarowar nan ta hawa uku, sai ya ce ya taɓa jin mai kama da ita a Bükkös, a rawar kaka da suke yi bayan an gama girbi. In haka ne, to taken Baba yana da ɗan'uwa a bayan dutse, kuma ta fuskar ƙa'idar ilimi, daga ɗan'uwa ana iya ƙiyasta kamannin mamaci. Na ƙuduri aniyar halartar rawar bana. Kada ki gaya wa Kawu, domin ya riga ya yanke wa mutanen Bükkös hukunci.

Zan so in biyo ta gida a kan hanyata, in kina nan.

Ɗanki,
Domokos

Hollós, farkon Satumba

Domi ɗana,

Na gaishe ka. Na aiko maka da cuku da safa ta hannun direban motar madara.

Kada ka je Bükkös. Hanya ba kyau, kuma ba ka da takalmin laka. Mai dakon katakon nan na san shi, ko kukan jaki ka rera masa zai ce ya taɓa ji a wani wuri, in dai akwai kwalba a gabansa.

Ba za ka same ni a gida ba. Ka san kowace kaka ina tafiya wankan ruwan ɗumi saboda gwiwa. Bana ma haka.

Ka bar ubanka ya huta, Domi. Ka yi aikinka da na masu rai, suna da yawa. Ka ji ni ko? Kada ka je.

Allah ya tsare mini kai.

Uwarka

Kolozsvár, 8 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ban-girma. Ina fata kin dawo daga wanka lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, domin abin da ke tafe mai nauyi ne, kuma na gwammace ki ji daga bakina.

Na saɓa miki, na je Bükkös. Na isa ranar Lahadi da hantsi, an fito daga coci. A wani babban gida ake rawar, a rumfar ciyawa da aka share. Mata na can madafa suna naɗa nama a ganyen kabeji, maza sun yi da'ira. Na kutsa da rakodata ina neman mai gogen da aka ce kiɗansa kamar yankan akuya. Inna, Kawu Gergely ne zaune a kan benci, goge a haɓa.

Da ya gan ni, fuskarsa ta yi fari kamar cuku.

Ya ce, "Kai kuma wa ya jefo ka nan?"

Na ce, "Ilimi, Kawu."

Ya ce, "To ilimin bai san hanyar komawa ba?"

Na yi dariya, na ɗauka kunya yake ji an kama shi yana kiɗa wa mutanen da yake zagi. Ashe kowace kaka shi suke ɗauka. Na sami gefe na kafa rakoda. Maza suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na kiran nasa, ina ɗauka. Faifai ya cika, na durƙusa ina zura sabo. A daidai lokacin wani dattijo mai farin gashin baki, ana ce masa Baba Ábris, ya jefa hularsa tsakiyar fili.

Ya ce, "Gergely, nawa!"

Kawu ya ce, "Ábris, yau kafaɗa ba daɗi. Bari in yi maka wani mai sauƙi."

Dattijon ya ce, "Kafaɗarka ta ci gidansu! Tun muna samari kake kuka da kafaɗar nan, amma ba ta taɓa hana ka ɗaga kofi ba. Nawa nake so. Ko na mutu ne ba a gaya mini ba?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ka kaɗa masa, kafin ƙafafun su tuna shekarunsu!" Kawu ya dube ni sau ɗaya, sannan ya rufe ido ya ja izga a kan tsirkiya.

Inna, ya gangaro hawa ɗaya. Ya gangaro na biyu. A na uku dattijon ya mari takalminsa, daidai inda Baba ke mari. Ba ɗan'uwa ba ne, ba mai kama ba ne. Shi ne. Ya ɗan fi sauri, amma shi ne. Faifan na hannuna, na kasa zura shi. Kiɗan ya wuce inda ya saba tsaya mini tun ina yaro, ya shiga wani wuri da ban san na sani ba, sai ga warin tabar Baba a hancina. Na ɗaga kai, na ga baƙon tsoho yana tsalle a cikin abin da aka rantse mana yana ƙarƙashin ƙasa, mutane na yi masa shewa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Tsaya! Wannan taken matacce ne!"

Goge ya yanke a tsakiya.

Baba Ábris ya juyo yana haki. Ya ce, "Wane ɗan birni ne wannan yake kashe ni da raina?"

Na ce, "Baba, ka gafarce ni, amma an yaudare ka kamar yadda aka yaudare mu. Wannan taken Vilmos ne na Hollós, mahaifina. Mai gogen nan shi ya ba shi, shi ya raka gawarsa da shi, shi ya saki tsirkiya a bakin kabarinsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ga shi nan, ya musa."

Daga madafa na ji an saki wata tukunya ta tarwatse, ba wanda ya waiwaya.

Dattijon ya ce, "Gergely, gaskiya yaron nan yake faɗa?"

Kawu ya sauke goge daga haɓa. Can ya ce, "Ábris, kiɗa ne fa."

Dattijon ya ce, "Ban tambaye ka ko mene ne ba. Da kiɗan kabari nake rawa shekara da shekaru?"

Kawu ya ajiye goge a kan benci. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ta, ya fita. Ni ma na haɗa kayana. Ba wanda ya ce mini in zauna in ci abinci.

Wannan, Inna, ba kuskure ba ne, ha'inci ne tsararre. Mutumin da ya hana maraya jin taken ubansa sau ɗaya a ɗaki rufe, da sunan alfarmar al'ada, shi ne yake watsa shi a rumfar ciyawa a bayan dutse. Ya ci amanar Baba yana raye, domin ya ce masa nasa ne shi kaɗai. Ya ci amanarsa yana kwance. Ya ci taki, ke da ko a gaban murhu ban taɓa jin kin rera shi ba don tsoron saɓa ƙa'ida. Na fara rubuta muƙala da za ta fayyace wannan ɗabi'a ta masu goge, kuma ba zan sakaya suna ba.

Abin baƙin ciki, ko sautin farko rakoda ba ta ɗauka ba. Amma gaskiya ta fito, kuma ina ganin na rama miki.

Ki huta lafiya.

Ɗanki mai kishinki,
Domokos

Hollós, bayan an kwashe dankali

Malam Domokos,

Ina gaishe ka, tunda gaisuwa ba ta ƙarewa.

Piroska ta kawo mini takardarka, ta ajiye a kan tebur ta fita. Wannan karon ban nemi fasto ba, na gane komai.

Ka ce na yi maka ƙarya. Na yi. Da ka sake tambayata gobe da na sake yi.

Ka zauna ka yi tunani da kan nan naka mai daraja mafi ɗaukaka. Maza nawa aka haifa a kwarin nan tun da aka fara goge? Kana tsammani kowanne da sabon kiɗa ya faɗo daga sama? Maza sun fi take yawa, Domi. In kowanne da aka binne ya tafi ke nan, da tuni goge ya zama itacen wuta. Maigidana, tsoho Zsiga, wanda ya koya mini, haka ya yi, shi ma haka ya tarar. Ka ba mutum a wannan gefen dutse, ka ba wani a wancan gefen, ka ja na nan, ka gaggauta na can. Cocinsu daban, kasuwarsu daban, ba sa auren juna. Kowa ya yi rawarsa ya mutu yana murna. Wa aka cuta?

Kuma Ábris ya riga ubanka. Ranar da Vilmos ya shiga da'ira, dogo ne mai kunya, ƙafafu kamar na maraƙi. Na gwada masa wannan na gwada wancan, duk yana tuntuɓe. Da na ja masa wannan a hankali sai ya miƙe kamar an zuba masa ƙarfe a baya. Uwarka na tsaye a bakin ƙofa, a ranar ta fara kallonsa. Da sai in hana shi don wani yana da shi a inda ba zai taɓa zuwa ba?

Tunda asali kake nema, ga shi kyauta. Zsiga ya ce a wajen wani gurgun soja ya ji shi, wanda a da yake kiɗa wa masu ɗibar samari. To ka ci gari. Sa a takardarka.

Yanzu ga abin da ka bari a baya. Washegari Ábris ya tara maza, ya sa aka kira ni. Ya ce ba zai ƙara taka rawa da abin da ya shiga maƙabarta ba, kuma ba ya so a raka shi da shi. Ya sa na ɗauko goge na murɗe kunne a gabansu, shi yana tsaye da ransa yana kallo. Na ɗora hannu a kan Littafi. Bayan ya tafi kowa ya taso mini, wannan na cewa nasa na wane mataccen ne, wancan na cewa in rantse a kan nasa. Sun ce baɗi wani za su nema. Wannan bai dame ni ba, kafaɗa ma ta huta da hawan dutse.

Ga wanda ya dame ni. Wane ruwan ɗumi? Ka taɓa ganin uwarka ta dawo daga wankan nan gwiwa ta yi sauƙi? Shekarar da aka binne Vilmos ta daina cin abinci. Tana zaune tana kallon takalminsa a bayan ƙofa, kai kana jan zanenta ba ta ji. Na ga za ta bi shi ta bar mini kai. Sai na gaya mata taken na nan da rai a Bükkös. Na ɗora ta a keken doki na haura da ita. Na ce wa matan can ƙanwata ce, ta iya naɗin kabeji. Tun daga lokacin kowace kaka tana madafar nan, a bayan ƙofa, hannunta cikin kabeji, tana jira Ábris ya jefa hula. Ba ta taɓa leƙawa ba, ba ta son ganin fuskar mai rawar. Ta ji, ta share ido ta ce albasa ce, mu dawo gida ta yi shekara da shi.

Tukunyar da ka ji, a hannunta take. Ta gan ka tun shigowarka, ta ɓuya a bayan mata tana roƙon Allah Ábris ya ji ciwon ƙafa.

Ka rubuta abin da za ka rubuta, da sunana da na ubana. Ka dai daina cewa ka rama mata.

Gergely

Kolozsvár, 17 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa. Na daɗe ina juya alƙalami kafin in samu abin da zan ɗora a bayanta.

Kawu ya gaya mini. Ashe duk abin da na zauna na tsara miki dalla-dalla, kina bayan ƙofa kina ji.

Ba zan ɓoye miki ba, Inna, raina a ɓace yake, kuma ba da kaina kaɗai ba. Kowace kaka kina barina a gidan maƙwabta, ina ɗaga miki hannu ina yi wa gwiwarki addu'a, ashe wajen Baba za ki. Da na girma ma ba ki ce zo mu je ba. Na tambaye ki ido da ido, kika tashi duba kaji. Ku biyu kun mallaki abin da ni ma nake da haƙƙi a cikinsa, kuka raba tsakaninku, kuka bar ni da hawa uku. Da kin rubuta mini layi ɗaya na gaskiya maimakon batun takalmin laka, da na je na zauna kusa da ke a madafar nan, na riƙe miki kabeji, na yi shiru. Wallahi da na yi shiru. Kun ɗauke ni baƙo a cikin gadona, sannan kuka yi mamaki da na yi aikin baƙo.

Duk da haka na san bakina ne ya yanke kiɗan, ba na wani ba.

Muƙalar na janye ta. Na koma Bükkös a makon jiya, na tsaya a ƙofar Baba Ábris hula a hannu. Ta taga ya amsa mini, ya ce in gaishe da mahaifina, tunda ashe abokin rawarsa ne. Bai buɗe ba. Na biya wajen Kawu, ban shigo gida ba don ban san da wace fuska zan dube ki ba. Na roƙe shi ya kaɗa miki, ke kaɗai, ba rakoda, ni ma in fita waje. Ya ce a bakin kabari tsirkiya kawai ya saki, amma a Bükkös hannu ya ɗora a kan Littafi, kuma mai rai ya rantse wa.

Saura hanya ɗaya. Abin da na ji a ranar na rubuta shi a takardar kiɗa, tun daga kai har daidai inda na yi magana, ban rasa ko sauti ɗaya ba. Ƙarshen ne ba ni da shi, domin ban bari an kai can ba. Ke kin ji shi shekara da shekaru. Ki rera mini ƙarshen sau ɗaya. Ni ban rantse wa kowa ba, kuma na iya goge daidai gwargwado. Ba don cibiya ba, ba don nazariyya ba. Zan kaɗa miki shi kowace kaka, a madafarki, ki bar hawan dutse.

Ina jiran amsarki.

Ɗanki,
Domokos

Hollós, Disamba

Domi ɗana,

Na gaishe ka. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse.

Ban tafi da kai ba don tun kana yaro ba ka iya ganin abu ka yi shiru. Ubanka ma haka yake. Wataƙila na yi kuskure.

Na gwada abin da ka ce. Na rufe ƙofa, na zauna gaban murhu, na fara a hankali. Ya gangaro ɗaya, biyu, uku, na ji tafin. Na bi shi har tsakiya. Da na kai wurin sai in ji muryarka tana cewa tsaya. Na sake daga farko, na sake. Kullum a nan kake tsaye. Abin da ke bayanka na neme shi na rasa.

Ka zo Kirsimeti, zan yi naɗin kabeji. Ka bar akwatin a birni, gogen ma haka.

Allah ya tsare mini kai.

Uwarka